Sakan Biyar Bai Isa Gaisuwa Ba

Karo na tara ke nan jan akwatin ya faɗo tsakiyar allon kwamfutar, ya zauna daram kamar wanda aka gayyato. Abdulsalam bai ma tsaya karantawa ba, ya riga ya haddace abin da ke ciki: wa'adin jira ya cika, ɗaya ɓangaren bai amsa ba.

"Me ta ce?" in ji Alhaji Bubayaro daga bayansa.

"Ta ce tana zuwa, Baffa."

"Tun ranar Alhamis take zuwa. A ƙafa take tahowa?"

Joda direba, wanda ya tokare bakin ƙofa yana shan rake, ya fashe da dariya har ya ƙware.

Alhaji Bubayaro ƙanin mahaifin Abdulsalam ne, kuma a kasuwar shanu ta Potiskum babu wanda bai san rawaninsa ba. Ya gyara hannun babbar riga, ya nuna kwamfutar da sandarsa.

"Yau Litinin. Jibi Laraba, ranar kasuwa, na gayyaci manyan dillalai su zo su ga wannan aba tana faɗin yawan shanun da ke Damagum ba tare da kowa ya taka can ba. In ta faɗa, madalla. In ta fito mini da wannan jan abin a gaban mutane, ɗakin nan zai koma ma'ajiyar dusa kamar da, kai kuma za ka hau bayan tirelar Joda ka raka shanu Ikko."

"Na ma share maka wuri," in ji Joda. "Tsakanin wasu bijimai biyu. Ɗayan yana da kirki."

Duk zuri'arsu an san sirrin Abdulsalam, kuma ba a ɗauke shi sirri ba: Bafulatani ne mai tsoron saniya. Yana ɗan shekara bakwai wani bijimi ya kora shi tun daga bakin kara har cikin kwandon wata mai tumatir, kuma tun daga ranar ko maraƙi ya kalle shi sai ya sauya hanya. Tsoron nan ne ya sa ya rungumi boko hannu bibbiyu, ya tafi Bauchi ya karanto injiniya. Yanzu ga shi da shekara ashirin da tara, ana yi masa maganar kwana uku a tsakiyar ƙahoni.

Abin haushin, shi ya kawo shawarar da bakinsa. Alhaji yana da abokin fatauci a Damagum, Malam Kyari, wanda ke tara musu shanu a zangonsa kafin a yi lodi. A da sai Joda ya je ya ƙirgo ya dawo kafin a san tirela nawa za a tura. Da Abdulsalam ya dawo gida a farkon shekarar casa'in da takwas, sai ya ce ai kwamfuta biyu da layin tarho sun isa su kashe wannan wahalar. Aka ajiye ɗaya a unguwar Dogo Tebo, a ɗakin dusar Alhaji, aka kai ɗaya Damagum. A can, Malama Fanne, 'yar Malam Kyari mai koyar da lissafi a firamare, ita ke shigar da adadin shanu duk sanda aka ƙirga.

Furogiram ɗin da ya haɗa ba irin wanda ake rubutawa layi-layi ba ne. Zana shi ake yi. Ka ja ƙananan akwatuna a kan allo, ka haɗa su da zirin waya, kamar zanen mai gyaran lantarki. Akwati na farko ya buga wa Damagum waya, na biyu ya yi tambaya, na uku ya jira amsa, na huɗu ya nuna adadi. A jikin na ukun akwai lamba a rataye, dubu biyar, wato sakan biyar. In lokacin ya ƙare adadi bai iso ba, sai kwamfutar ta katse layi ta fito da jan akwati.

Sharaɗi ɗaya Alhaji ya kafa ranar da aka fara. "Haka kawai za ta faɗa gidan mutane ta ce shanu nawa? Ba sallama? A gidana aka raine ta?" Sai Abdulsalam ya ƙara ɗan akwati guda mai cewa, "Salamu alaikum, an wuni lafiya?" Mako biyu cur abu yana tafiya sumul.

Ranar Alhamis jan akwati ya bayyana. Abdulsalam ya mayar da lambar dubu goma, abu ya yi aiki ranar Juma'a, ya tsaya ranar Asabar. Ya mayar da ita dubu talatin, ya yi aiki ranar Lahadi, yau kuma ga shi. Tsakanin nan babu abin da bai gwada ba. Ya sauya waya. Ya buɗe modem, ɗan akwatin nan mai kukan kyanwa in zai kama layi, ya hure shi. Ya hau rufin kwano ya kori wani ƙadangare da yake zargi. Alhaji ya sa an jiƙa tawul an ɗora wa allon a ka, wai zafi ne. Joda ya ce a tura ta, in ta ɗauki gudu a saki kuloci.

Da Alhaji ya juya zai fita, Abdulsalam ya ce, "Baffa, ba ni minti biyu."

Ya mayar da lambar dubu sittin. Sannan ya yi abin da ya kamata ya yi tun ranar Alhamis. Akwatinsa na uku adadi kawai yake nema, duk wani abu da ya shigo kafin adadin zubar da shi yake yi ba tare da ya nuna wa kowa ba. Sai ya ɗaura wata 'yar taga a jikin wayar da ke dawowa daga Damagum, don ya ga duk abin da ke wucewa ta cikinta. Ya danna. Modem ya yi kukansa. Sallamar Alhaji ta tafi.

Taga ta nuna rubutu.

"Wa alaikumus salam," Abdulsalam ya karanta a fili.

"To, ga shi ta amsa," in ji Alhaji. "Nawa ne?"

Sakan biyu shiru, sai wani layi, gaisuwar Barebari. "Wushe."

Sakan biyu. "Wushe, wushe."

"Lale."

"Ya zafi?"

"Ya iyali?"

"Ya Hajiya da ƙafa?"

"Ya mutanen Dogo Tebo?"

"Ya rijiyar gidan, ta kawo ruwa?"

Abdulsalam ya ci gaba da karantawa. An tambayi lafiyar limamin unguwa. An tambayi tumakin Hajiya. An yi wa Joda barka da sabuwar taya. Ana kan layi na talatin, mai cewa "Ya bawana Bubayaro, har yanzu da ƙwaryar nono yake kwana?", sai sakan sittin ya cika, layi ya katse, jan akwati ya faɗo.

Joda ya manta da raken da ke bakinsa.

Kowa ya san wasan da ke tsakanin Bafulatani da Babarbare, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, kuma Alhaji da Malam Kyari sun kai shekara talatin suna yi ba wanda ya gaji. Amma ba kalmar bawa ce ta tayar wa Alhaji da hankali ba.

"Tsaya," ya ce a hankali. "Gaisuwa talatin ya yi mini?"

"Ba ta ma ƙare ba, Baffa."

"Ni kuma guda nawa na yi masa?"

"Ɗaya."

"Ɗaya! Abdulsalam, ka kashe ni. Kwana nawa Babarbare yana gaishe ni ina amsa masa kamar ɗan doka?"

Washegari da hantsi Abdulsalam ya shiga motar haya ya nufi Damagum. Ofishin Malam Kyari yana can ƙarshen zango, sai an ratsa ta tsakiyar shanu. Ya zagaya ta bayan katanga, ya tsallake kwata, ya shiga ta taga.

Malam Kyari, dogon dattijo mai zane a kumatu, yana zaune a kan darduma yana tauna goro. Bai nuna mamaki ba.

"Lale, lale. Ɗan bawana ne ya shigo ta taga. Haka ake yi a rugarku, ko don ba ku saba da ƙofa ba?"

Gaisuwa ta ɗauke su minti shida. Abdulsalam yana durƙushe yana amsawa, idonsa na kan kwamfutar da ke kan tebur. Malama Fanne tana zaune a gabanta, ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Injiniya, sannu da hanya," ta ce da aka gama. "Na san me ya kawo ka. Zo ka gani."

Ya leƙa. Zanen da ya yi wa Damagum mai akwati uku ya zama jirgin ƙasa. Akwatuna sun jeru tun daga wannan gefen allon har wancan, sun sauko, sun sake komawa, kowane akwatin gaisuwa da ɗan akwatin jinkiri na sakan biyu manne a bayansa. Can ƙarshe, a lungu, akwatin adadin shanu ya takure shi kaɗai kamar baƙon da aka manta da shi a zaure.

"Guda nawa ne?"

"Arba'in da ɗaya. Kai ka koya mini yadda ake kwafar akwati, ka tuna?"

"Jinkirin kuma fa?"

"Ni na sa a saka," in ji Malam Kyari. "Gaisuwar da aka yi ta a guje zagi ce."

Labarin ya fito a hankali. Ranar Alhamis Malam Kyari ya leƙa allon a karon farko, ya ga an yi masa sallama daga Potiskum, na'urarsa kuma ta amsa da lamba tsirara, ko wa'alaikumus salam babu. Kunya ta kama shi. Ya sa Fanne ta ƙara gaisuwa huɗu.

"Ina tsakiyar gaishe shi," in ji dattijon, yana ɗaga yatsa, "sai ya kashe mini waya. A kunnena! Na ce to, Bafulatani ne, a yi masa uzuri. Ranar Juma'a sai na ga ya tsaya ya saurara har ƙarshe. Na ce a'a, bawana ya fara koyon ladabi, bari in ƙara masa darasi."

"Shi ne ka ƙara."

"Na ƙara. Ya gudu. Ya dawo ranar Lahadi ya saurara. Na ƙara."

Abdulsalam ya zauna a ƙasa. Wato duk sanda ya tsawaita wa'adi, shi da hannunsa yake gina wa dattijon sabon ɗaki ya zuba kaya.

"Ba Kyari," in ji Abdulsalam, yana kiransa baba irin na Barebari, "don Allah a rage. Ko goma a bari."

"Wanne zan cire? Lafiyar Hajiya? Ka je ka gaya mata ka ce a daina tambayar ƙafarta."

"To a sa adadin a farko, gaisuwa ta biyo baya."

"Ciniki kafin gaisuwa? Fanne, ba shi ruwa, rana ta taɓa shi."

Akwai wata hanya da ya sani. In ya cire lambar ya sa alamar jira har abada, kwamfutarsa ba za ta taɓa katse layi ba. Amma ya kalli fuskar Malam Kyari ya tabbata cewa mutumin da aka ba shi har abada zai cika ta taf, kuma dillalai za su watse kafin a zo kan shanu. Daga waje wani bijimi ya yi kuka mai kauri. Abdulsalam ya ji kamar sunansa ya kira.

"Injiniya," in ji Fanne, "in tambaye ka. In kana waya da babba, yaushe kake ajiye kan wayar?"

"In ya gama."

"Ta yaya kake sanin ya gama?"

"In ya yi shiru."

"To me ya sa taka na'urar take ƙirga lokaci tun daga sallama? Ta ƙirga shirun mana. Duk sanda aka ce mata wani abu, ta koma ta fara ƙirga daga farko. In an yi shiru sakan biyar, sannan ta ce ba kowa."

Ya kalle ta baki buɗe. Shekara biyar a Bauchi. Ya ga zanen a kansa nan take: akwatin jira ya shiga cikin zobe, kowane layi ya shigo a sake ɗaura agogo. Jan akwati ya mutu. Saura a ciro adadin daga lungu. Ya juya ga dattijon, wata dabara ta faɗo masa.

"Ba Kyari, na duba gaisuwar nan kaf, na ga an yi mantuwa. Kowa ya gaida Baffa, har limami an ambata. Amma danginsa na jini ba su gaishe shi ba."

"Su wa?"

Abdulsalam ya nuna taga da haɓa, wajen da shanu ke tsaye.

Malam Kyari ya tsaya da taunar goro. Sannan ya kwashe da dariya har hularsa ta faɗi. "Fanne! Rubuta! 'Yan'uwanka shanu kaza suna gaishe ka. Sa shi a sama, bayan wushe na biyu. Dangi ai su ake fara ambata."

Fanne ta ja akwatin adadi daga lungu ta kawo shi na huɗu.

Da la'asar Abdulsalam ya koma Potiskum ya tarar Alhaji ya shirya masa takarda, Joda ya rubuta masa ita da biro. Gaisuwa hamsin. Ta fara da "Jam na?" ta Fulatanci, ta bi ta kan busasshen kifi da kanwa, ta ƙare da tambayar ko bawansa Kyari ya koyi hawan jaki.

"Duk gaisuwar da ya yi, a mayar masa da ɗaya," in ji Alhaji. "Kuma kada ka yarda tasa ta zama ta ƙarshe."

"In hamsin ɗin sun ƙare fa?"

"A koma farko."

Abdulsalam ya gaji ƙwarai, bai yi musu ba. Ya ja waya daga akwati na hamsin ya mayar da ita na ɗaya.

Ranar Laraba ɗakin dusa ya cika maƙil. Dillalai goma sha biyu da manyan riguna, wasu a kan benci, wasu a tsaye, ɗaya ya cire takalmi don girmama na'ura. A waje tirelar Joda na tsaye, inji a kunne, an sauke tsanin baya. Alhaji ya tura Joda Damagum tun bayan sallar asuba ya ƙirgo da idonsa, ya rubuta a takarda, ya ninke, ya miƙa wa dillali mafi tsufa, Alhaji Babaji, ya riƙe.

"Bismillah," in ji Alhaji.

Abdulsalam ya danna. Modem ya yi kuka, wani dillali ya ja baya. Sallama ta tafi, ta dawo. Wushe. Jam na. Wushe, wushe. Sai ga lamba ta fito ɓaro-ɓaro a tsakiyar allo, Abdulsalam ya karanta da ƙarfi.

"'Yan'uwanka shanu arba'in da takwas suna gaishe ka!"

Ɗakin ya ɗauki dariya da kabbara a haɗe. Alhaji ya haɗiye tsokanar 'yan'uwan, ya juya ga Alhaji Babaji yana murmushi. Tsohon ya warware takardar, ya nisantar da ita daga idonsa, ya matso da ita.

"Nan arba'in da bakwai aka rubuta."

Dariyar ta tsaya.

"Sau biyu na ƙirga," in ji Joda. "Har da taɓa bayan kowace. Arba'in da bakwai." Ya dafa kafaɗar Abdulsalam cikin tausayi. "Ka taho da bargo. Wajen Jos da sanyi."

"Na'ura mai ƙarya ta fi mai shiru muni," in ji Alhaji, fuskarsa ta haɗe. "Tashi."

Abdulsalam ya miƙe. Ta ƙofa yana hango wata farar saniya a bayan tirela, ta zuro kai tana kallonsa. Ya yi taku biyu. Ya waiwaya don ya yi wa kwamfutarsa kallon ƙarshe, sai ya ga gaisuwa na nan tana gangarowa abinta, layi bayan layi, ba jan akwatin da zai tare ta.

"Baffa, tsaya! An ƙaro sabo!" Ya faɗa kan allon yana bin rubutun da yatsa. "'Barka da arziki. Jar saniyar nan ta haihu da hantsi, bayan tafiyar direbanka. Namiji ne. Na sa masa suna Bubayaro, don kamar ta ɓaci.'"

Alhaji Babaji ne ya fara. Ya yi dariya har sai da aka riƙe shi. Dillalai suka rufe Alhaji da barka, wani na tambayar ranar suna, wani na cewa shi ma a haɗa masa irin wannan na'ura da garin Fika. Joda ya zare hannunsa daga kafaɗar Abdulsalam, ya fita ya kashe inji.

Da jama'a suka ragu, Abdulsalam ya kai hannu zai katse layi. Sandar Alhaji ta sauka a kan tebur, dab da yatsunsa.

"Me za ka yi?"

"An gama, Baffa. Mun sami adadi."

"Shi ya gama?"

Abdulsalam ya duba. Damagum ta kai ƙarshen jerinta, ta yi sakan biyu, sannan ta rubuto, "Wushe." Ashe can ma an sa Fanne ta ja waya daga ƙarshe zuwa farko. Potiskum ta amsa, "Jam na?" Babu mai yin shirun sakan biyar, don haka babu wa'adin da zai cika, yau ko gobe.

"Baffa, haka za su yi ta yi har..."

"Su yi. Ni ba zan riga Babarbare ajiye waya ba." Alhaji ya leƙa ƙofa ya ƙwala kira a kawo janareto a ajiye kusa, ko da wuta za ta ɗauke. Sannan ya nuna kujera. "Zauna. Daga yau ba kai ba barin ɗakin nan. Ko wa ya zo ya ce ka raka shanu ko nan da tasha ne, ka ce ni na hana."

Abdulsalam ya zauna. Ya jawo kujera, ya gyara tawul ɗin da ke kan allon, ya miƙe ƙafa. Damagum ta tambayi lafiyar ƙafar Hajiya a karo na uku.

"Baffa, me za a ce masa?"

"Ka ce da sauƙi," in ji Alhaji. "Ka tambaye shi kifi."